Bidiyon da Ka Ajiye Ba Darasin da Ka Koya Ba Ne

'Yan uwana ɗalibai, ina so mu yi magana kan wata jumla da ta zama ruwan dare a bakinmu tun da karatu ya koma intanet: "Ai yana nan, zan kalla daga baya." Wallahi wannan jumlar ta kayar da ɗalibai fiye da yadda rashin netwok ya kayar da su.

Karatu daga nesa ba yau aka fara shi ba. Tun a shekarun 1840 Isaac Pitman yake koyar da rubutun sauri na alamomi (shorthand) a Ingila ta gidan waya, ɗalibi ya aika aikinsa, a gyara a mayar masa. A 1858 Jami'ar Landan ta ba waɗanda ba sa zama a ajinta damar rubuta jarrabawarta. Bayan an kafa Open University, jami'ar karatu daga nesa ta Birtaniya, a 1969, BBC ce ke watsa darussanta ta rediyo da talbijin, sau da yawa cikin dare ko da sassafe. Ku lura da wannan: ɗalibin wancan zamani dole ya zauna gaban akwatin a kan lokaci, don shirin ba ya jiran kowa. Takura ce, amma ita ta riƙe shi.

Mu kuwa an cire mana takurar. Babu ƙararrawa, babu idon malami, babu abokin da zai taɓa ka ya ce tashi mu tafi aji. Laccar tana zaune a shafin karatu irin su Moodle ko Google Classroom, ba ta gudu, shi ya sa ake barinta har ta zama goma. Ran da jarrabawa ta matso sai ka ga mutum ya ninka gudun bidiyo yana haɗiyar darasin wata guda a dare ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ko a manyan dandamali irin su Coursera da edX, da aka buɗe a 2012, mafi yawan masu rajistar darussan kyauta ba sa kai wa ƙarshe, kuma ba don kansu ba ya ja ba.

Don haka ka tsayar wa kanka lokaci, ka ɗauke shi kamar malami ne ya yanka maka. Idan lokacin ya yi, ka kashe sanarwar WhatsApp da TikTok, domin wayar da kake karatu da ita ita ce dai ke janye ka. Ka ɗauki biro da takarda. Bayan kowane sashe ka tsayar da bidiyon, ka rubuta abin da ka fahimta da kalmominka ba tare da leƙawa ba. A nan asiri ke tonuwa, don sau da yawa abin da muke zaton mun gane, kunne ne kawai ya saba da shi.

Masu shiga Zoom su rufe kyamara da makirfo su kama wata hidima kuwa, sunansu ne ya halarci aji, su ba su je ba.

Sai batun na'urar kanta. Babu kunya a ce ba a iya ɗora fayil ba, ko mayar da rubutu zuwa PDF. Abin kunya shi ne a bari sai saura minti biyar a rufe karɓar aiki sannan a fara neman wurin latsawa. Manhaja ba ta jin magiya, lokaci na cika take rufewa. Tun makon farko ka zagaya shafin, ka gwada tura wani abu, ka duba ko agogon da aka rubuta na yankinku ne ko na wata ƙasa. In wani abu ya shige maka duhu, ka rubuta wa malamin a ranar, ka faɗi darasin da kuma mintin da ka ɓace, domin daga inda yake ba ya ganin fuskarka balle ya san an bar ka a baya.