Na ce mata ta gode wa Allah, na ɗauki rariyata na fita

Jiya da la'asar na dawo daga duba wata maƙwabciyata, har yanzu abin bai sauka daga raina ba. Astagfirullah. Ni da na saba yi wa mutane nasiha, yau da kaina zan fara.

Yarinyar nan haihuwar fari ta yi. Ta je wankan gida, ta yi arba'in, aka dawo da ita ɗakinta. Kamar kwana goma da dawowarta na shiga aron rariya, na same ta a bakin gado ta zuba wa bango ido, jaririn yana ta kuka a gefenta. Ta ce da ni, "Yaya, ni fa ban san me ke damuna ba. Ko yaron ya yi barci ni ba na iyawa. Abinci kamar ƙasa nake taunawa. Wani lokaci sai in ji da ma ban zo duniyar ba."

Kun san me na ce mata? Na ce, "Ke! Yi istigfari. Mata nawa ke yawon asibiti shekara goma suna neman haihuwa? Allah ya ba ki ɗa lafiyayye, mijinki bai rage ki da komai ba, me kuma kike nema? Rashin godiya ne, ki riƙe azkar." Na ɗauki rariyata na fita, har ina jin na samu lada.

Sati shida ban sake leƙa ta ba, alhali katanga ɗaya ce tsakaninmu. Sai da mahaifiyarta ta zo ta ga yadda ta rame, ta tasa ta gaba zuwa asibiti, likita ya ce ciwon damuwa ne irin wanda ke kama wasu mata bayan haihuwa. Jiya da na shiga, ba ta yi min ƙorafi ba. Cewa ta yi kawai, "Yaya, tun ranar nan ban ƙara gaya wa kowa ba, na ɗauka imanina ne ya lalace." Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

'Yan uwa, wannan halin namu ne, ba nawa ni kaɗai ba. Mutum ya daure ya buɗe baki ya ce ransa ba daɗi, mu yi maza mu toshe masa bakin da wa'azi. Magidanci jarinsa ya karye ya daina fitowa majalisa, a ce girman kai ne, ba ya son a ga talaucinsa. Saurayi ya gama jami'a ya yi hidimar ƙasa, shekara huɗu ba aiki, yana kwance har azahar, a ce cima-zaune. Bazawara ta daina kitso da lalle, a ce tsohon miji take tunawa, a yi ta mata dariya a gidan biki. Dattijuwa mijinta na shekara arba'in ya rasu, ta gama takaba amma ta kasa komawa daidai, a ce ba ta yarda da ƙaddara ba. Wanda 'yan bindiga suka riƙe a daji ya dawo ba ya son magana, a ce ai ya gode wa Allah ya dawo da rai, shi ke nan an rufe zancen. In abin ya yi tsanani kuma, sai mu ce aljanu ne ko sammu.

Wa ya ce mana baƙin ciki alamar raunin imani ne? Annabi Yakubu ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, kuma Annabi ne. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, har yau Shekarar Baƙin Ciki ake kiranta a tarihin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Amma wadda ta hana ni barci daren jiya ita ce Nana Maryam. Naƙuda ta kai ta gindin dabino ita kaɗai, ta ce ina ma ta mutu kafin wannan, ta zama abin da aka manta. Kusan kalmar da yarinyar nan ta faɗa min ke nan. To me aka ce da Maryam? An ce kada ki yi baƙin ciki, ga ruwa na gudana a ƙarƙashinki, girgiza dabinon nan nunannu su zubo miki, ki ci, ki sha, ki kwantar da hankalinki. Lallashi, da ruwa, da abinci. Ni kuwa da na haddace surar tun ina Islamiyya, tsawa na daka wa 'yar mutane.

Ciwon damuwa ciwo ne, kamar hawan jini, kamar ciwon suga. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙiyasin 2019, ta ce mutum kusan miliyan 280 ke fama da shi, ya fi kama mata, kuma cikin masu ciki da masu jego fiye da ɗaya cikin goma na shiga ciki. Ki ƙirga gidajen suna da kika je bana. Likitoci suna cewa idan mutum ya yi sati biyu ko fiye kusan kullum ransa a ɓace, abin da yake so da ya daina yi masa daɗi, barci da cin abinci sun rikice, ga kasala, ga ganin kansa ba shi da amfani, to an wuce ɓacin rai na yau da gobe.

Don Allah mu daina yi wa marar lafiya hukunci. Abin da yake buƙata a wurinmu ba shi da tsada. Ki zauna ki yi shiru ki saurara, ko da minti ashirin ne, kada ki katse ta da labarin wadda ta fi ta shiga uku. Ki shiga da kwano a hannu. Nana A'isha, idan aka yi rasuwa a danginta mata suka watse, takan sa a dafa talbina, wani kunu na garin sha'ir, ta ce ta ji Manzon Allah yana cewa yana sanyaya zuciyar marar lafiya, yana tafiyar da wani sashe na baƙin ciki. In babu sha'ir a garinku, kunun gyada mai zafi da kika dama da hannunki kika zauna har ta shanye, ya fi dogon jawabi. Ki karɓi jaririn ki goya, ta samu barcin awa biyu. Rashin barci kaɗai ya isa ya birkita lafiyayye. Kai kuma maigida, ka biya wa abokinka bayan asuba ku taka a ƙafa ku zagayo unguwa, hasken safiya ya taɓa shi, jini ya motsa. Ba sai kun yi zancen damuwar ba. Tafiyar rabin awa a yawancin kwanakin sati tana rage nauyin abin, wannan likitoci sun daɗe da tabbatarwa.

Ke kuma ko kai da abin ke ci a ɓoye, ina magana da ke cikin ƙauna. Kada ki ce sai kin ji ƙarfi za ki tashi, ƙarfin yakan biyo bayan tashin ne. Yau ki yi wanka ki ɗaga labule. Gobe ki share tsakar gida. Ki tsayar da lokacin kwanciya, ki ajiye wayar nan bayan isha'i, domin kallon bikin wasu da motocin wasu a Instagram da ƙarfe biyun dare ba ya ƙara wa zuciya komai sai ciwo. Ki riƙe addu'ar da Manzon Allah yake yawaitawa, Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan. Ranar da jiki ya gaza, aya uku ma karatu ne. Ki nemi mutum ɗaya mai riƙe sirri ki gaya masa, ko da na farko ya ba ki kunya kamar yadda na ba maƙwabciyata. Samari kuma ku ji tsoron Allah ku bar tiramadol da kodin, sa'a biyu za su rufe muku ido su ƙara muku rami.

Sannan a je asibiti. Mun mayar da asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano abin zolaya, yaro ya yi shirme a ce a kai shi Dawanau, shi ya sa mai buƙata yake jin kunyar a gan shi a ƙofar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Ko gwamnati a 2023 ta sauya tsohuwar dokar 1958 da ke kallon masu irin wannan lalura a matsayin mahaukata, mu ne har yanzu ba mu sauya bakinmu ba. Wani magana kawai za a riƙa yi da shi, wani a haɗa masa da magani. Maganin yakan ɗauki makonni kafin a ji aikinsa, kuma ba a yanke shi rana ɗaya sai da sanin likita. Addu'a na tafiya, magani na tafiya. In kuwa kika ji mutum yana zancen ya gaji da rayuwa ko yana son ya kashe kansa, kada ki bar shi shi kaɗai, ki kawar da fiya-fiya da magunguna daga kusa da shi, a kai shi asibiti a ranar, ba gobe ba.

Na roƙi yarinyar nan gafara jiya, ta ce ba komai Yaya, har ta yi ɗan murmushi. Yau da safe na karɓo yaron, yana bayana yanzu haka, uwarsa na barci.

Akwai wanda kuka kwana biyu ba ku ji motsinsa ba. Kun san shi, tun ɗazu yake zuwa muku a rai. Don girman Allah ku je ku ƙwanƙwasa masa ƙofa yau.