Ku daina yi wa rok ta'aziyya, ba shi ne ya mutu ba

Tun daren Asabar nake danne zuciyata, amma yau kam sai na amayar. Duk wanda ya saka hoton ƙofar ƙaramin wurin kiɗan nan da aka rufe da fuskar kuka da rubutun "shi ke nan, rok ya mutu a Landan", alhali rabonsa da taka ƙafa a ciki tun kafin korona, don Allah ya je ya goge. Ihu bayan hari ne. Kun san wurin da nake nufi, kun kuma san kanku, ba sai na kama suna ba.

Daren da aka rufe, layi har ya sha kwana ya shiga titin baya. Mutanen da na shekara biyar ban gani ba sai ga su, kowa ya zaƙulo tsohuwar baƙar rigarsa daga ƙasan akwati, ana rungume-rungume, ana ɗaukar hoto da bango. Wani har da ƙwalla. Madalla. To ni kuma mako uku kafin nan, ranar wata Talata, ina cikin ɗakin nan. Ƙungiya uku suka yi wasa, tikiti fam 8. Na ƙirga mu da yatsa: mu 23 ne, har da mai kula da na'urar sauti da mahaifiyar mai ganga, wadda ta zo da abin toshe kunne ta zauna can baya tana tafa wa ɗanta. Ina kuke a ranar? Da rabin masu kukan Asabar suna leƙowa sau ɗaya a wata, da har yanzu ƙofar nan a buɗe take.

Rok bai mutu ba, ku ne kuka daina zuwa. Iyakar maganata ke nan, kuma zan yi ta nanata ta har ku gaji da ni.

Abin da ya ƙara tunzura ni, cikin masu makokin akwai waɗanda na san sun kwana gaban kwamfuta a ƙarshen Agustan 2024 suna jiran tikitin wasan ƙungiyar rok ta Oasis. Duk mun ga yadda aka yi: tikitin tsayuwa na kusan fam 150 ya haura fam 350 mutum yana kan layi, har sai da hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta shiga bincike. An yi ta zagi, an yi ta tsinuwa, sannan aka ciro kati aka biya. Dare 7 suka yi a Wembley a 2025, filin da ke cin mutum 90,000 ranar ƙwallo. Wannan ne kiɗan da kuke cewa ya mutu? Gawa ce ke cika Wembley sau bakwai? Kuɗin tikiti ɗaya na wancan dare zai kai mutum ƙaramin ɗaki sama da sau arba'in. Ku yi lissafin da kanku.

Kuma ku tambayi kanku daga ina 'yan gidan Gallagher ɗin, jagororin Oasis, suka fito. Ba daga sama suka faɗo Wembley ba. A watan Mayun 1993 a wani ɗaki a Glasgow mai suna King Tut's, wanda bai wuce cin mutum 300 ba, mai kamfanin faifai Alan McGee ya gan su ya ce zai ɗauke su. Wasansu na farko a Landan a Water Rats suka yi shi, kusa da King's Cross, a Janairun 1994, ɗakin bayan mashaya ne kawai. A wannan ginin Bob Dylan ya yi waƙa a ƙarshen 1962, lokacin ba wanda ya san shi a ƙasar nan. Rolling Stones a kulob ɗin Marquee suka fara, ranar 12 ga Yulin 1962. Coldplay, waɗanda yanzu sai filin ƙwallo ke ɗaukarsu, a saman wata mashaya a Camden suka fara a 1998. Kowane ɗayansu akwai ranar Talatar da ya yi wasa a gaban mutum ashirin da 'yan kai. Kuna son inuwar bishiya, amma ba mai son ya ɗebo ruwa ya zuba wa dashe.

Na san abin da za ku ce, na riga na ji shi a ƙarƙashin rubutun da na yi jiya. "Ai yaran yanzu ba su iya ba, da tsohuwar zuma ake magani." Yaushe ka saurare su da har ka san ba su iya ba? Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma kai ko banar ba ka leƙa ba. Je ka Windmill a Brixton, ɗan wurin da mutum 150 ke cika shi maƙil. Daga nan black midi suka taso, daga nan Shame, daga nan Black Country, New Road, duk a cikin 'yan shekarun nan. Ba ka son su? Ba laifi, kunne ba ɗaya ba ne. Amma kada ka ce babu, ka ce ban je ba.

"Ai rayuwa ta yi tsada." Gaskiya ne, ni ma haya nake biya a garin nan, ban kuma ga ranar da mai gida ya yi mini ragi ba. Amma bakin da ya faɗi wannan shi ne ya sayi rigar fam 40 a bakin filin wasa. A wuce wurin.

"Ai laifin masu gine-gine ne da hukuma." To, nan kam akwai ƙamshin gaskiya, kuma ba zan wanke su ba. Astoria da ke Charing Cross Road an rufe ta a Janairun 2009, aka rushe don aikin jirgin da yanzu ake kira layin Elizabeth. Hammersmith Palais ta tafi a 2007. Earls Court ta bi a 2014. 12 Bar da ke Denmark Street, titin masu sayar da jita, ta tashi daga can a 2015. Borderline ta rufe a 2019. Rahoton da aka haɗa wa magajin garin Landan a 2015 ya ce daga 2007 ƙananan wuraren kiɗa sun ragu daga 136 zuwa 88, wato kashi 35 cikin 100. Kuma salon iri ɗaya ne: a gina benaye masu tsada jikin wurin da ya shekara talatin yana kiɗa, sabon maƙwabci ya tare, wata biyu ya kai ƙara wai hayaniya ta hana shi barci. Malam, da ka zo duba gidan ba ka ga allon ba ne? Sai a 2018 aka shigar da ƙa'ida cikin tsarin gine-gine na Ingila cewa wanda ya zo daga baya shi zai ɗauki nauyin toshe sauti a gininsa. An makara, amma gara da aka yi.

Duk na yarda da wannan. Sai dai bango ne ya tsage ƙadangare ya samu wurin shiga. Mai gida ba ya saurin korar ɗan hayar da ke biya kan lokaci, kuma ƙaramar hukuma tana jin nauyin taɓa wurin da take ganin jama'a a ƙofarsa kowane dare. 100 Club da ke Oxford Street, inda ake kiɗa tun 1942, saura ƙiris a rufe shi a 2010 saboda haya. Mutane suka tashi tun wurin yana da rai, Paul McCartney na ƙungiyar Beatles da kansa ya je ya yi wasa a can a watan Disamba, aka samu mai ɗaukar nauyi, ga shi nan har yau. Tun yana da rai, na ce. Ba bayan an sa kwaɗo ba.

Ku dubi yadda kuɗin yake, don wasu na zaton masu irin wuraren nan kuɗi suke kwasa. Ƙungiyar Music Venue Trust, wadda aka kafa a 2014 don kare su, ta ce a 2023 kaɗai wurare 125 a Birtaniya suka rufe ko suka daina saka kiɗa, kuma ribar waɗanda suka rage ba ta wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Wato a duk fam 200 da ya shiga, fam 1 ne nasu. Kuɗin ƙofa yawanci makaɗa da mai sauti da mai gadi ke raba shi, abin sha ne ke biyan haya da wuta. Ni da ba na shan giya na san ba ni ne abokin cinikin da suke mafarki ba, shi ya sa nake sayen lemo biyu ko ba na jin ƙishi, in akwai faifai ko riga a teburin baya in ɗauka. Abin da ke raba wuri da rufewa wani lokaci bai wuce mutum goma sha biyar a daren Talata ba. Mutum goma sha biyar! Rukuninmu na WhatsApp kaɗai ya ninka haka.

Yanzu ana ta maganar a ɗora fam 1 a kan kowane tikitin manyan filaye a mayar wa ƙanana. Kwamitin majalisa ya ba da shawarar a 2024, gwamnati ta ce ta goyi baya amma a bar masu harkar su yi don raɗin kansu. Faransa tuni take cire kashi 3.5 cikin 100 daga tikiti tana juya shi cikin harkar. Coldplay sun yi alkawarin kashi 10 cikin 100 na abin da suka samu a wasanninsu na Wembley da Hull a 2025. Allah ya saka. Amma ku ji ni da kyau: ko an biya wa ɗaki haya shekara goma, in babu kowa a ciki, sito ne. Yarinya mai shekara 19 da ta hau dandamali da jitar aro ba tallafi take nema ba a wannan daren, fuskoki take nema. Ta buga ta ga wa ya gyaɗa kai, wa ya fita shan iska, ta koma gida ta gyara. Haka ake koyon abin, babu wata makaranta.

Bari in sauke murya kaɗan, don ba faɗa kawai ya kawo ni ba. Sanyina na farko a garin nan ban san kowa ba. Ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe, in dawo daga aiki in zauna ni da bango. Wata rana ruwan sama ya kora ni cikin wurin nan, na biya kuɗin ƙofa don kawai in fake. Ban san sunan masu wasan ba, har yau ban sani ba, ina jin ma sun watse tuntuni. Amma da mai jitar bes ya saki igiyar farko, sai na ji ta a ƙashin ƙirjina kafin kunnena ya ji. Tsinkewar igiya ka gani, zufar mai ganga ta fantsamo maka, mawaƙin ya manta baiti ya yi dariya ku yi tare. Da aka tashi, shi da kansa ya tsaya a ƙofa yana yi wa kowa godiya ɗaya bayan ɗaya, ya tambaye ni sunana, ya yi ta fama da furta shi har ya iya. Ranar ce ta farko da na ji garin nan zai zaunu. A Wembley allo kake kallo, mutumin da ka biya don ka gani bai fi tsawon ɗan yatsanka ba, ga wayoyi dubu a sama sun tare maka shi. Ban ce babu daɗi ba. Na ce ba abu ɗaya ba ne, kuma na biyun ba ya samuwa sai da na farkon.

Shi ya sa abin ya yi mini ciwo. Ba gini kawai aka rufe mini ba.

Su kuma masu shigowa duk lokacin da na yi irin wannan rubutu su ce "kai da kiɗan Turawa", sannunku da zuwa, ga tabarma. Ku je ku nemi Sister Rosetta Tharpe, baƙar mace da jitar lantarki, tana wasa a tashar jirgin ƙasa a Manchester a 1964 bayan an sheƙa ruwa, samarin Turawa sun saki baki suna kallo. Ku nemi Chuck Berry da Little Richard. Sunan Rolling Stones ɗin ma daga waƙar Muddy Waters suka ciro shi. In kun gama sai mu yi magana, yau ba ta ku nake yi ba.

Ranar Talata mai zuwa akwai wasa a wani wurin, ƙungiya huɗu, babu wadda na taɓa jin sunanta. Zan saka adireshin a ƙasa. Mai yiwuwa biyu daga ciki su zama ciwon kai, na yarda, haka abin yake. Ina so in ga masu ƙwallar nan. Wanda bai zo ba, kada in sake ganin fuskar kuka a shafinsa.

Af, tunda na ambaci jitar lantarki: jiya na bi ta Brook Street, na tsaya gaban gida mai lamba 23 inda Jimi Hendrix ya zauna a ƙarshen shekarun 1960, bango ɗaya da gidan da shahararren mai tsara kiɗa Handel ya rayu shekara 200 kafin shi. Hendrix ma sai da ya zo Landan a 1966 ya yi ta zagaya ƙananan ɗakuna kafin Amurka ta waiwaye shi. Bahago ne, juya jitar na-hannun-dama yake yi ya sake ɗaura igiyoyin. McCartney bahago, Kurt Cobain bahago yake kaɗawa, Tony Iommi na Black Sabbath haka, ga Mdou Moctar na Nijar da ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, shi ma da hagu. Ni kuma da aka yi ta buge mini hannu ina yaro har na koma dama, shekara uku ke nan jita tana jingine a bayan ƙofa na kasa haɗa sauti uku a jere. Akwai wanda ya san mai juya igiyoyi da araha a Denmark Street?