Gobarar da Aka Kashe Mini a Kwangila

Motata 'yar Kwatano ce mai turbo. Don ƙasashen sanyi aka ƙera ta, rabo ya kawo ta Zariya. Da sanyin safiya kana taɓa totur take zabura, amma bari Afrilu ya kama, rana ta take, ka shiga cunkoson PZ. Sai ta yi laƙwas, in ka buɗe bonet zafi ya mare ka. Robar wayoyi ta bushe tana farfashewa, wani tiyo ya tsage, batir kuma kullum ruwansa a ƙasa.

Ɗan yayata da ke karatun injiniya a Samaru shi ya gano mai laifin. Ya nuna mini turbo ɗin, wani dunƙulen ƙarfe a gefen inji, mai siffar dodon-koɗi, ya ce, "Kawu, ga murhun nan. Hayaƙin da zai fita ta salansa shi ke juya wata 'yar fanka a ciki, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke cusa wa inji iska. Tana juyi fiye da sau 100,000 a minti guda. In aka matsa wa mota, gefen hayaƙin yana kai digiri 900, da dare har ja za ka ga ya yi." Duk wannan zafin, in ji shi, a cikin bonet yake zama, ya gasa maƙwabta, ya ɗumama iskar da inji ke shaƙa. Iska mai zafi kuwa ba ta da kauri, shi ya sa motar ke kasala. Maganin shi ne a saka wa gefen hayaƙin bargo na musamman, wanda aka saƙa da zaren dutsen aman wuta, don zafin ya tsaya ciki ya bi salansa ya fice.

Na ce ko mu naɗe shi da takardar alminiyum irin ta masu gasa kifi, tunda ita arha ce. Ya ce alminiyum yana narkewa a digiri 660. Na yi shiru, na tura masa kuɗi ya yi oda ta intanet.

Ranar da kaya suka iso, uwargida ta ɗaga abin, ta juya shi, ta tambayi kuɗinsa. Da na faɗa sai ta ajiye shi a hankali. "Malam, tun hunturun bara nake maganar bargon yara. Ashe mota ce ta fi mu jin sanyi." Na fara yi mata bayanin digiri 900, ta shige kicin.

Bakanikena na Sabon Gari ma bai yi mini da sauƙi ba. "Yallaɓai, mutum na zufa ka ƙara masa bargo? Kawo in cire tamostat in haɗa fanka dairek, shi ke nan." Wannan shi ne maganinsa na kowace cuta, ina jin ko taya ce ta yi faci abin da zai ce ke nan. Amma in ya kama aiki ba ya wasa. Sai da ya tsayar da wani ɗigon baƙin mai da ke saman turbo, don bargon in ya sha mai yana iya kamawa da wuta da gaske. Ya rufe gefen hayaƙin kaɗai, ya bar tsakiya inda mai ke zagayawa a buɗe, ya ɗaure da sifirin da wayar ƙarfe. Yaronsa da ya ƙi sa safar hannu ya wuni yana susa, don zaren nan ƙaiƙayi gare shi.

Na biya, na ɗau hanyar Samaru in nuna wa yaro aikinmu. Har na ɗan taka ta, ina murmushi ni kaɗai.

A ƙarƙashin gadar Kwangila cunkoso ya tsayar da mu. Nan na ji wani wari, sai ga farin hayaƙi siriri yana fitowa ta gefen bonet. Kafin in gama tunanin mene ne, wani ɗan acaɓa ya buga mini gilashi. "Alhaji, wuta! Fito, wuta!"

Wanda bai taɓa ganin taimakon mutanen Kwangila ba, bai san taimako ba. Ban san wanda ya buɗe ƙofa ba, na dai tsinci kaina a waje, takalmi ƙafa ɗaya. Wani ya ja bonet. Mai ruwan leda ya sadaukar da jakarsa guda, ana fasawa da haƙori ana tsiyayawa. Wani kwandasta ya kawo bokitin ruwan omo, don shi a saninsa shi ne maganin wutar fetur. Masu ɗebo yashi da hannu, da kwano, da hular kwano, kowa na watsawa yana salati. Direban wata babbar mota ya taho a guje da tukunyar kashe gobara, ya feshe injin fari fat, ragowar ya same ni a fuska.

Ana cikin haka na samu na kira ɗan yayata. Ya saurara, ya ce, "Au, Kawu, ban gaya maka ba? Ai sabon bargo dole ya yi hayaƙi a zafin farko. Ɗan maganin da aka riƙe zaren da shi ne ke ƙonewa. Ka bar shi, zai daina da kansa."

Na ɗaga murya, "Jama'a ku tsaya! Ba gobara ba ce!"

Wani dattijo ya dafa kafaɗata. "Haƙuri, Alhaji. Ku riƙe shi, ruɗewa ce. Dukiya ba wasa ba." Mutum biyu suka riƙe ni gam suna ba ni baki, ina kallo ana ƙara yashi.

Da hayaƙi ya ɗauke aka yi kabbara. Sai wani matashi ya leƙa ciki, ya zaro wuƙa, ya yanke wayar, ya ciro bargona yana ɗigar kumfa, ya ɗaga shi sama kowa ya gani. "Ga abin da ya jawo! Wani mugu ne ya cusa masa tsumma a inji!" Aka yi ta jinjina kai. Dattijon ya matso ya ce mini a kunne, "Kana da maƙiya. Ka dage da addu'a, ka kuma canza bakanike." Na buɗe baki, na dubi fuskokinsu cike da zufa da farin ciki, na ce Allah ya saka da alheri. Na biya mai ruwan leda, na ba direba kuɗin tukunyarsa, sauran na ba su na goro. Bargon kuma yara suka yi ƙwallo da shi.

Da igiya aka ja mu zuwa Sabon Gari. Bakanike ya zagaya motar bai ce uffan ba, sannan ya fara lissafi: yashi a altaneta, yashi a fambel, wayoyi sai an busar. Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne ƙarfen turbo, don ƙarfen zubi mai zafi in aka kwara masa ruwan sanyi yana iya tsagewa. Ya haska tocila ya duba, lafiya lau. Bargon ne ya tare ruwan. Ya ce, "To, Yallaɓai, ko ba komai ya yi wannan amfanin."

Na sayi na biyu, don ni har gobe ina kan bakana, kuma gaskiyata ta fito. Yanzu in ka buɗe bonet bayan tafiya, za ka iya kai hannu kusa ba tare da ka janye da sauri ba, tiyo ya daina tsagewa, kasalar rana ta ragu. Ina kuma barin inji ya yi minti ɗaya ko biyu yana aiki kafin in kashe, don kada man da ke cikin turbo ya ƙone ya daskare. Kuɗin bargon nan na biyu, uwargida ba ta sani ba, amma na yara sun shigo gida a ranar.

Hayaƙin farkonsa a cikin gareji muka yi shi, ƙofa a rufe, mun sanar da layin gaba ɗaya, bakanike ya tsayar da yaransa a bakin ƙofa. Duk da haka sai da suka yi kokawa da mai shayin tsallake, wanda ya taho da bokiti yana rantsuwa cewa shi ba zai zauna yana kallo dukiyar Musulmi ta ƙone ba.