Wai wayarka tana yin komai? To ai matsalar ke nan

Har yanzu maganar jiya ba ta sake ni ba. Waɗanda ke wurin sun ji da kunnensu, waɗanda ba sa nan kuma na san labari ya riga ya iske su, amma ga shi a taƙaice. Ƙanwata ta yi watanni tana tara 'yan kuɗinta, ta zo gabana da ladabi, "Yaya, in sayi na'urar karatu irin taka ko in haƙura?" Ban ko buɗe baki ba sai wani masani ya tsoma nasa. Wai almubazzaranci ne, wai wayar hannunta ai tana yin komai. Ya ɗauki na'urar tawa ya jujjuya, ya shafa fuskarta sama da ƙasa kamar mai laluben ƙofa a duhu, ya ce, "Au, ko WhatsApp ba ta yi?" Aka kwashe da dariya. Yarinya ta ji kunya, ta ja bakinta ta yi shiru.

To Malam, ga amsar da na haɗiye jiya saboda idon mutane. Ƙwarai, ba ta WhatsApp. Ba ta TikTok, ba ta ɗaukar hoto, ba mai kiranka ta cikinta ya ce kana ina. Abin da kake kira nakasa, shi na biya wa kuɗi.

"Tana yin komai." Sannu da ƙoƙari. Mu dai da muke riƙe da waya mun san yadda komai ɗin nan yake ƙarewa. Ka buɗe littafi da niyya mai kyau, ka karanta layi shida, sai saƙo ya leƙo daga sama. Ka ce bari in duba, minti ɗaya ne. Daga saƙon wani ya turo bidiyo, daga bidiyon wani bidiyon ya biyo da kansa ba tare da ka nema ba, kafin ka farga minti arba'in sun wuce kana kallon yadda wani a wata duniya yake wanke tsohon kafet. Littafin fa? Yana nan a layi na shida yana jiranka. Kuma don kada a ce na yi maka sharri, Malam, littafin da na tura maka bara, da na tambaye ka ina ka kai ka ce babi na uku. Watan jiya na sake tambaya, babi na uku. Wayar da ke yin komai ta shekara ba ta kai ka babi na huɗu ba, amma kai ne mai ba da fatawa a kan abin da masu karatu za su saya.

Ba wai ina cewa kai rago ba ne, ko ni gwarzo. Dukanmu abu ɗaya ke cin mu. Manhajojin da ke cikin wayar nan kamfanoni ne suka gina su, kuma abincinsu lokacinka ne: iya daɗewarka a ciki, iya tallan da za su nuna maka. Wannan ja da yatsa da ba ya ƙarewa, wanda kana kai ƙasa sai wani abu ya sake fitowa, wani mai tsara manhaja, Aza Raskin, ne ya ƙirƙiro shi a 2006, kuma daga baya shi da kansa ya fito ya nuna nadama. A 2018 Apple da Google kowanne ya saka wa wayoyinsa abin ƙidayar lokacin da mutum ke ɓatawa a kan allo, har da damar sa wa kai iyaka. Wanda ya ƙera abu ne ya haɗa maka shi da birki, ai ya fi ka sanin irin gudun da yake yi. Kai kuma ka zo ka ce littafi, baƙin rubutu a kan fari, mara ƙara mara motsi, ya zauna a ɗaki ɗaya da waɗannan ya yi kokawa da su a kan hankalinka. Taura biyu ba ta taunuwa, balle taura ɗari.

Na san abin da za a ce, don tun jiya aka fara faɗa. Ka kashe data mana, ka kashe sanarwa, ka sa wayar a yanayin jirgi. Madalla. Ka kulle ƙofa ka riƙe makulli a tafin hannu, sannan ka ce ka tsare kanka. Taɓawa biyu ce tsakaninka da buɗewa, kuma hannunka ya san hanyar ko kana barci. Wanda wannan dabara ta yi wa aiki, ina taya shi murna, ba da shi nake ba. Ni na gwada ta fiye da sau ashirin.

Ita kuwa na'urar karatu, kasawarta a jikinta take, ba saiti ba ne da za ka canza idan zuciya ta raya maka. Allonta ba irin na waya ba ne. Ana kiran fasahar E Ink, daga ɗakin bincike na jami'ar MIT a Amurka ta fito, aka kafa mata kamfani a 1997. Sony ce ta fara fitar da na'urar karatu mai irin wannan allo a Japan a 2004, Kindle ta Amazon ta biyo a watan Nuwamban 2007, Kobo ta Kanada a 2010. Fuskar cike take da 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi, kowace faɗinta kamar na silin gashi, a cikin kowace akwai ruwa da ɓurɓushin fari da na baƙi. Idan aka tura lantarki sai farin ya taso baƙin ya nutse, ko baƙin ya taso farin ya nutse, haka harafi yake fitowa. Da zarar sun zauna sun zauna ke nan, ba sa buƙatar wuta don su ci gaba da tsayuwa. Sai za ka juya shafi allon yake cin batir. Shi ya sa caji ɗaya ke kai makonni, shi ya sa a tsakiyar rana, lokacin da kake kare fuskar waya da hannu kana ƙifta ido, ita rubutunta ƙara fitowa yake yi kamar na takarda. Kuma shi ya sa ba ta iya bidiyo yadda zai kallu. Ɓurɓushin nan ba sa sauri. Wasu na'urorin ma suna da ɗan abin shiga intanet, amma tafiyar hawainiya yake yi, minti biyu za ka gaji ka koma littafinka. Ni ban taɓa ganin nawar da ta yi min amfani irin wannan ba.

Maganar ido da barci ma tana nan. Tun daga Kindle Paperwhite ta 2012 aka saba da fitilar da ke gefen allo tana haska shafin daga gaba, kamar yadda fitila ke haska takarda, maimakon ta harbo haske daga baya zuwa cikin ido. A ƙarshen 2014 masu bincike a asibitin Brigham and Women's da ke Boston sun fitar da sakamakon wani gwaji: mutum 12, suka yi dare biyar suna karatu a iPad na awa huɗu kafin kwanciya, suka yi wasu dare biyar da littafin takarda. Daren allo mai haske barci ya fi jinkirin ɗaukarsu da kusan minti 10, sinadarin melatonin mai kawo barci ya ragu, da safe kuma sun fi jin kasala. Mutum 12 ba su da yawa, kuma awa huɗu da haske a ƙure ba haka kowa ke karatu ba, don haka ba zan ɗora gini a kai ba. Ko da gobe aka ƙera wayar da ba ta gajiyar da ido ko kaɗan, maganata tana nan yadda take. Ba hasken ne ke hana ka gama littafi ba, masu ƙwanƙwasa ƙofa ne.

Sai masu cewa ai littafin takarda ya fi. Wa ya musa? Amma ba shi aka tambaya ba. Yarinya ba ta ce in zaɓa mata tsakanin takarda da na'ura ba, littattafan da take karantawa yawancinsu fayil ne, a waya take bin su. Tambayar ita ce a wane allo. Kuma takarda ba ta ƙara girman haruffa ga wanda ido ya fara ba shi matsala, ba ka danna kalma ma'anarta ta fito, ba ka zuba dubunta a jaka. Shafin intanet na Project Gutenberg kaɗai, wanda Michael Hart ya fara a 1971, yana da littattafai sama da 70,000 kyauta, tsofaffin da haƙƙin mallakarsu ya ƙare.

Wani kuma zai kawo rahoton UNESCO na 2014, wanda aka tambayi mutane sama da 4,000 a ƙasashe bakwai aka ga yadda waya ta kai karatu inda littafi bai kai ba. Gaskiya ne, kuma ba na wasa da shi. Wanda waya ce kaɗai abin da yake da shi, ya karanta a waya, ba abin kunya a ciki, ya ma fi mai na'ura uku da ba ya buɗe ko ɗaya. Amma ina ruwan wannan da wadda ta riga ta tara kuɗinta? Don wani yana tafiya a ƙasa ba za a ce wanda ya iya sayen keke ya yi almubazzaranci ba.

Hujja ɗaya ce da Malam ya kawo ta da na saurare shi, kuma bai kawo ba, don bai san da ita ba. Littafin da ka saya a shagon kamfani ba lallai ya zama naka yadda na takarda yake naka ba, izinin karantawa aka sayar maka. A watan Yulin 2009 Amazon ta goge wasu littattafai daga na'urorin mutanen da suka biya kuɗinsu, saboda matsalar haƙƙin bugawa, ta mayar musu da kuɗin, daga baya shugabanta na lokacin, Jeff Bezos, ya nemi afuwa. A watan Fabrairun 2025 kuma ta rufe hanyar da mutum ke sauke littafin da ya saya zuwa kwamfuta ya tura ta kebul. Wannan abin damuwa ne na gaske. Sai dai ka lura, wanda ke karatu da manhajar shagon a waya shi ma ƙarƙashin dokar nan yake, wayar ba ta 'yanta shi ba. Maganin shi ne ka riƙa ajiye fayilolinka marasa kulle, irin EPUB, a wurinka, ka zaɓi na'urar da ke karɓarsu. Kobo tana buɗe su kai tsaye, Kindle ma tun 2022 ana iya tura mata su.

Kuma kada wani ya ce na ce kowa ya saya. Idan karatunka PDF ne mai jadawali da zane da shafi mai faɗi, allo mai inci 6 ko 7 wahala zai ba ka, ka nemi babban allo. Idan kuma ba ka karatu dama, na'ura ba za ta mayar da kai makaranci ba, za ta kwanta a durowa ita da sauran abubuwan da ka saya da zumuɗi. Amma ƙanwata ba haka take ba. Na sha ganin ta da dare ta dunƙule da waya, ido ya yi ja, tana fama ta gama babi ƙawaye suna ta jefo mata saƙo, tana share su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Wadda ke wannan yaƙin kullum ita za a ce wa ta haƙura?

Bari in faɗi abin da ban taɓa faɗa ba. Akwai lokacin da na kai ba na iya shafi biyar a jere, ni da a da nake kwana a kan littafi. Makon farko da na sayi na'urar, sai na riƙa kama babban yatsana yana jan allo daga sama, yana neman saƙo. Babu komai a wurin sai alamar batir da saitin haske. Sau nawa na yi haka a dare ɗaya, kunya ba za ta bar ni in faɗa ba. Abin ya ba ni tsoro, wallahi, don a ranar na gane ba ni nake juya hannuna ba. Sai da aka kwashe kusan wata kafin yatsan ya haƙura. Yanzu wayar a wani ɗaki take kwana, kuma na dawo ina gama abin da na fara. Don haka ƙanwata, ki saya. Ko ta hannu ce ki saya, in dai allon bai fashe ba kuma batirin yana riƙe caji. In Malam ya sake tambaya ko tana WhatsApp, ki tambaye shi ya babi na uku.

Af, tunda maganar fayil ta zo, ina da ƙorafi da marubutanmu da masu haɗa musu littafi. Don Allah ku riƙa sa ƙugiya a haruffa. Na san wasu nau'o'in haruffan na'ura ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ka ga an aro su daga wani salon sun fito a karkace kamar baƙi a tsakiyar kalma, amma wannan canza salon rubutu kawai yake buƙata, sakan biyar ne. Ku da kuke cire su gaba ɗaya tun daga rubutu fa? Shekaranjiya sai da na karanta wata jimla sau uku ina mamakin me ya sa matar gida ta shimfiɗa wa baki tabarma, kafin na gane baƙi ta yi.