Babin da muke wucewa da gudu a darasin shimi

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman malaman sakandare da iyayen yara na arewacin Kamaru, Garwa, Marwa, Ngaundere har zuwa Kusiri.

Ina koyar da shimi, ilimin sinadarai, a wata lise, wato makarantar sakandare, a nan Garwa, kuma akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. A azuzuwan farko na sakandare ana koya wa yara yanayin abu guda uku, daskararre da mai ruwa-ruwa da iska, sannan a koya musu hanyoyin raba abubuwan da suka cakuɗu. Mu malamai mun ɗauki wannan babi a matsayin share fage kawai. A cika allo da ma'anoni, a zana kwalba da mazurari da takardar tacewa, yara su kwafa, mako ya zagayo a wuce gaba. A ganina babu babin da ya kai shi muhimmanci a duk shimin da ake koyarwa a arewa. Dalilina kuwa kowa ya san shi: da yawa daga cikin yaran da ke zaune gabanmu ba za su kai bakaloriya, jarrabawar kammala sakandare, ba. Wasu tun kafin BEPC, jarrabawar ƙarshen ƙaramar sakandare, sun tafi, yarinya ta yi aure, yaro ya shiga kasuwa ko ya kama haya da babur. Abin da suka ɗauka a wannan babi, shi ne shimin da za su rayu da shi har tsufa.

Kuma ba da hannu biyu wofi suke zuwa ba. Yarinyar da ta taɓa taya uwarta yin gasara ta jiƙa gero, ta kai markaɗe, ta tace da kyalle, ta bar shi ya kwanta, ta tsiyaye ruwan sama. Ta rege shinkafa tsakuwa ta zauna a gindin ƙwarya. Ta ga ana sheƙar dawa iska na ɗauke ƙaiƙayi, ta ga tankaɗe da rariya, ta ga yadda ake murza tunkuza har man gyaɗa ya taso, ta ga 'yar Fulani tana kaɗa nono man shanu ya ware. Kanwar da ake jefawa a miyar kuɓewa daga kwarurrukan Kanem da bakin Tafkin Chadi take zuwa, inda rana ke ƙafar da ruwa ta bar gishirin a ƙasa. Kusan kowace hanya da ke cikin littafi, akwai ta a tsakar gida.

Amma kada a ce na ce iyayenmu mata sun riga sun gama sanin komai, makaranta ta zo ta yi musu tafi kawai. Ba haka ba ne. Gida yana koyar da yadda ake yi. Abin da gida bai cika koyarwa ba shi ne dalilin da ya sa hanyar take aiki, da kuma iyakarta, wato inda take tsayawa ta kasa. Nan ne aikinmu yake, kuma nan ne muke barin yara a hanya.

Mu ɗauki ruwan sha, tunda shi ne ke kashe mana mutane.

A Marwa da rani, idan mayo, wato kogi, ya ƙafe, za ka ga mata da yara suna tonon yashi ruwa yana tsattsafowa garau. Yashi ya yi aikin tacewa, gaskiya ne. A bakin Binuwai da Logon kuma, mai ɗebo jan ruwa yakan jefa alif ko dakakken ƙwallon zogale, laka ta dunƙule ta kwanta, sama ya yi fes. Duk wannan aiki ne mai kyau. Matsalar ita ce yawancinmu mun tsaya a nan, mun yarda cewa ruwan da ya yi garau ya tsarkaka. Yaron da ya fahimci tacewa da gaske ya san cewa kyalle kamar komar masuntan Lagdo yake: abin da ya fi idonsa girma shi yake kamawa, ƙarami kuwa ya wuce abinsa. Ƙwaron ruwan da ke ɗauke da tsutsar kurkunu ya kai wajen milimita 1, shi ya sa tacewa da kyalle mai kyau take tare shi, kuma da wannan dabara mai sauƙi, haɗe da wasu, aka ci ƙarfin kurkunu har aka tabbatar wa Kamaru ta rabu da shi a 2007, ko da yake maƙwabtanmu na Chadi har yanzu suna fama. Ƙwayar cutar kwalara kuwa, ka raba milimita 1 gida 1,000, tsawonta bai wuce kashi 3 ba. Kyalle mai ninki yana rage waɗanda suka manne a jikin datti, sauran duk su bi ruwan su shiga randa. Wanda ya ga abin da kwalara ta yi a yankin Arewa Mai Nisa a 2010, lokacin da ta kashe ɗaruruwan mutane, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Ambaliyar 2024 a Yagwa da kewaye ta sake nuna mana yadda ruwan masai da na rijiya ke haɗuwa cikin dare ɗaya.

To, me ya kamata yaron ɗan aji biyu ya fita da shi? Cewa aikin mataki-mataki ne, kuma tsarin matakan yana da dalili. A bar ruwa ya kwanta, a tsiyaye, a tace, sannan a tafasa ko a ɗiga jabel, wato ruwan bilic, gwargwadon da ma'aikatan lafiya suka faɗa, a jira minti 30. Idan aka zuba jabel cikin ruwa mai laka, dattin ne zai cinye ƙarfinsa, ƙwayoyin cuta su tsira. Wannan jimla ɗaya ta fi shafi uku na hadda amfani.

Akwai kuma abin da ko tafasawa ba ta cirewa, shi ne abin da ya narke a cikin ruwa. A wasu ƙauyukan yankin Mayo Tsanaga, a gindin duwatsun Mandara, ruwan wasu rijiyoyi da famfunan burtsatse yana ɗauke da sinadarin fuloraid fiye da kima, daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a miligiram 1.5 cikin lita ɗaya. Inda ya zarce haka, haƙoran yara kan yi ja ko ruwan ƙasa tun suna ƙanana, a yi ta zargin uwa da rashin wanke wa ɗanta baki, alhali laifin ruwan ne. Wannan ruwa garau yake, ba wari, ba ɗanɗano. Ka tace shi sau nawa kake so, sinadarin yana nan. Ka tafasa shi, ruwa ne zai tashi ya zama tururi, sinadarin ya zauna, har ma ya ƙara yawa cikin abin da ya rage. Gwaji ɗaya ya isa ya dasa wannan a kan yaro: a narka gishiri a kofi, a tace, a ba shi ya ɗanɗana. Sannan a tafasa, a kifa murfi mai sanyi a kan tururin, ya ɗanɗani ɗigon da ya taru. Na farko da gishiri, na biyu babu. Idan ya ɗanɗana da harshensa, ba ya mantawa.

Maganar yanayin abu uku ma haka muke yi mata riƙon sakainar kashi, ƙanƙara, ruwa, tururi, shi ke nan. Alhali a titunanmu, ko'ina ka duba, kwalaben zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bakin titi, ne jere a rana. Mai sayarwa yana tace fetur da kyalle a bakin mazurari, kuma hakan yana tare ƙasa da tsatsa. Idan ruwa ya shiga jarka, zai kwanta a ƙasa don ya fi fetur nauyi, ana iya tsiyaye na sama. Amma idan an gauraya fetur da kananzir, babu kyallen da zai raba su, domin sun narke cikin juna. Abin da ya fi wannan haɗari kuma: ba ruwan fetur ɗin ne ke fara kamawa da wuta ba, tururinsa ne, kuma tururin ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa yana rarrafe har ya iske murhu ko fitila a ɗaya gefen gida. Gidaje nawa ne a unguwanninmu ake ajiye jarkoki a ɗaki ɗaya da yara? Tukunyar gas ta girki ma, ka girgiza ta za ka ji abu yana motsi kamar ruwa, don matsi ne ya mai da iskar ruwa. Idan ta yi yoyo, ita ma ƙasa take taruwa. Yarinyar da ta san haka za ta buɗe ƙofa da taga, ba za ta kunna ashana ko ta taɓa makunnin lantarki ba.

Zuciyata ta fi tafiya ga samarinmu da ke barin aji su tafi haƙar zinariya, wasu Betare-Oya, wasu har arewacin Chadi. Wankin yashi a faranti rege ne, irin na shinkafa, zinariya ta fi nauyi ta zauna. Amma a wurare da yawa ana zuba zaiba ta kama zinariyar, sannan a ƙona dunƙulen a wuta. Zaiba ƙarfe ce mai ruwa-ruwa, wuta kuma tana mai da ita tururi marar launi marar wari. Yaro yana tsugune kan wutar yana murna da ɗan ƙwallon da ya rage, yana shaƙar abin da zai taɓa masa ƙwaƙwalwa da ƙoda, hannu ya soma rawa bayan shekaru. A tunaninsa zaibar ta ƙone ta ɓace. Da ya ji a aji, ya kuma yarda, cewa abu ba ya ɓacewa, yanayi kawai yake sauyawa, da ya tambayi kansa ina ta tafi.

Wanda Allah ya ba dama ya yi nisa a karatu kuwa, wannan babin dai shi zai sake tararwa. Matatar man Jarmaya da ke arewa da Njamena, wadda ta fara aiki a 2011, tana raba ɗanyen mai ne ta hanyar dumama shi, kowane kashi ya tashi a nasa zafin. Man auduga da kamfanin SODECOTON ke sarrafawa a Garwa da Marwa, sai an tsarkake shi an cire sinadarin gosifol da ke cikin ƙwallon auduga kafin ya shiga tukunya.

Na san abin da abokan aikina za su ce, don ni ma cikinsa nake. Babu ɗakin gwaji, inda yake ma an kulle ko babu komai ciki. Aji ya cika maƙil, wani har kan taga. Manhaja tana da tsawo, sufeto zai zo ya duba inda aka kai. Ga yaro yana kokawa da Faransanci kafin ya kai ga shimin kansa. Duk gaskiya ne, kuma ba na raina wahalar kowa. Amma Malam, wannan babi ɗaya ba ya buƙatar kayan Turai. Gorar ruwa da aka yanke biyu ta zama mazurari da kofi. Yashi, tsakuwa da gawayi suna bakin ƙofa. Mayen ƙarfe yana cikin tsohuwar lasifika wurin mai gyaran rediyo, gārin ƙarfe yana zube a ƙasa wurin mai walda. Kafur ɗin da ake sa wa cikin akwatin tufafi yana ƙanƙancewa ba tare da ya jiƙa zane ba, ga daskararren da ke zama iska kai tsaye. Kwalbar da aka cika aka sa a firiza ta fashe, don ruwa yana ƙara girma da wajen kashi 9 cikin 100 idan ya daskare. A ajiye randa da bokitin roba gefe da gefe a zafin watan Afrilu, yara su sa hannu su ji bambanci, sannan a tambaye su me ya sa randar da ke gumi ita ce mai sanyi. Da wannan fahimta ce wani malami ɗan Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har duniya ta karrama shi.

'Yan uwana na Ngaundere kuma kuna da abin da mu ba mu da shi. Garinku yana kan tudu, sama da mita 1,000, saboda haka ruwa yana tafasa a wajen digiri 96, ba 100 da littafi ya rubuta ba. Ma'aunin zafi ɗaya tak ya isa yara su gani da idonsu, su yi gardama, su ce ma'aunin ne ya lalace, daga nan a shiga maganar nauyin iska. Irin wannan gardama ce nake so in ji a aji.

Iyaye, ku ma da naku. Kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai da kuke biya duk shekara, ku nemi a ware ɗan abu kaɗan a sayi ma'aunin zafi, ƙaramin risho da kofunan gilashi. Hajiya, idan 'yarki ta dawo ta ce Malam ya ce a kawo ruwan gasara ko toka a kwalba, don Allah ki ba ta, kada ki ce wasa ake yi da su. In da hali ma ki tambaye ta abin da aka yi da shi.

Sauran magana tana wurin masu tsara jarrabawa, domin abin da jarrabawa ke tambaya shi malami ke koyarwa. An ce mana tsarin yanzu na koyar da iya aiki ne, to a nuna shi a takardar tambaya. Maimakon a ce yaro ya kawo ma'anar tacewa, a ba shi bokitin ruwa daga Binuwai bayan ruwan sama, a ce ga alif, ga kyalle, ga jabel, ga murhu. Ya faɗi abin da zai fara yi da abin da zai biyo baya, ya faɗi abin da kowane mataki ya cire. Sannan a ƙara masa tambaya ta biyu: idan ruwan rijiya ne mai sa haƙora ja, tsakanin kyalle, jabel da tafasawa a murhu, wanne ne zai yi magani? Yaron da ya rubuta cewa babu ko ɗaya, ya kuma kawo dalili, a ba shi cikakken maki.