Idon matuƙi kaɗai ba zai hana jirage karo a sama ba

Duk sanda hukumomin sufurin sama suka ce za su yi wa dokokin sararin samaniya garambawul, maganar farko ita ce za a rage kashe kuɗi, a rage ƙona mai, jirage su riƙa bin miƙaƙƙiyar hanya. Ni ban ƙi wannan ba. Amma in matuƙan jiragen fasinja suka fito suka ce akwai haɗarin karo, to wallahi bai dace a ce musu tsoron canji ne ke damunsu ba.

Abin da ya fi tayar musu da hankali shi ne a bar manyan jirage da ƙanana suna shawagi wuri guda, wai kowa ya duba da idonsa ya kauce, ba sai ma'aikacin hasumiya mai ba jirage umarni ya raba su ba. A takarda kam abin da sauƙi. Amma jirgin da ya nufo ka gadan-gadan ba ya motsi a gilashin gabanka, ɗan ɗigo ne tsaye wuri ɗaya sai farat ɗaya ka ga ya cika maka ido, kuma hukumar sufurin sama ta Amurka, FAA, da kanta ta ƙiyasta sai an ɗauki daƙiƙa 12.5 daga hango jirgi zuwa ganewa da yanke shawara har naka jirgin ya juya, alhali a daidai lokacin matuƙi na shirin sauka, yana magana a rediyo, yana duba na'urori, ga rana ko fitilun gari na kashe masa ido.

Ranar 29 ga Janairun 2025 helikwaftan sojan Amurka ya yi karo da jirgin fasinja a saman kogin Potomac a Washington, mutum 67 suka rasu. Matuƙan helikwaftan sun ce suna ganin jirgin, aka ba su izinin kaucewa da ido. Ƙwararru ne fa, ba 'yan koyo ba.

Wasu za su ce ai akwai TCAS, na'urar da ke umartar matuƙi ya hau ko ya sauko in karo ya matso. Gaskiya ne, ta ceci rayuka da yawa. Sai dai ba ta ganin jirgin da tiransifondarsa, wato na'urar da ke sanar da inda jirgi yake, ba ta aiki, haka aka yi a Brazil a 2006 da jirgin kamfanin Gol ya yi karo da wani ƙaramin jet, mutum 154 suka tafi. Don ranar da komai ya lalace aka ƙera ta, bai kamata a jingina aikin kullum a kanta ba.

Saboda haka duk ƙasar da za ta sauya tsarin samanta, ta fara tabbatar da rada, na'urar hango jirage, ta kai wurin, ta tilasta wa ƙananan jirage kunna tiransifonda, ta ɗauki isassun ma'aikatan hasumiya, kuma ƙungiyoyin matuƙa su zauna a teburin tun ana zana taswira, ba sai an gama a turo musu takarda ba.