Irin wannan sana'a muke buƙata a Agege

Labarin da na karanta na wani bawan Allah da ya isa Amurka ba shi da ko sisi, ya yi wanke-wanke a gidan abinci da gadin dare, har ya zama mai ba mutane shawara kan tsara dukiyarsu, ya taɓa mini zuciya ƙwarai. Abin da marubucin bai tsaya a kai ba shi ne wahalar samun shaidar CFP a can, wato takardar ƙwarewa ta masu ba da shawara kan tsara dukiya, domin sai mutum yana da digiri, ya ci jarrabawa, sannan ya cika sa'o'i 6,000 yana aiki a fagen, alhali iyali na jiran saƙo a gida.

Ni ma baƙo ne a Legas, ina harkar tumatir a kasuwar Mile 12. Lokacin da gwamnatin jiha ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi a 2022, na ga matasanmu da suka shekara suna samun kuɗi kullum sun rasa ko na motar komawa Arewa. Babu wanda ya taɓa zaunar da su ya yi musu bayanin tanadi da Hausa. Adashi muka sani, kuma yana da amfaninsa, amma kaɗan ne cikinmu suka ji cewa an buɗe tsarin ƙaramin fansho ga masu sana'ar hannu a 2019, ko cewa gwamnatin tarayya tana sayar da sukuk, wato takardar zuba jari ta tsarin Musulunci wadda babu kuɗin ruwa a cikinta, tun 2017.

Ɗana na biyu yana karatun akanta, kuma na tura masa labarin nan tun da safe.